Doña Eudocia da Dokar Hana Suya

Duk wanda ya zauna a rukunin gidajenmu na Los Trupillos, a gefen birnin Barranquilla na ƙasar Kolombiya, ya san Doña Eudocia Pertuz. Wanda bai san fuskarta ba ya san ƙamshin kaskonta. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata. Mijinta lebura ne a tashar jiragen ruwa, da ya rasu ya bar mata gida, da 'ya'ya mata uku, da wani aku mai suna Senador wanda ya fi su duka surutu. Ba ta zauna kuka ba. Ta ɗora kasko a bakin tagar kicin ta fara soya arepa, wato wainar masara mai ƙwai a ciki, kuma da suyar nan ta yi wa yaran karatu har babbar ta zama nas.

Gajera ce kakkaura, muryarta kamar ta kwandastan bas. In ka ce arepar yau ta yi ƙanƙanta, sai ta ce, "Cikinka ne ya ƙara faɗi, ɗan nan."

Babu wanda ya taɓa ce mata uffan sai da aka zaɓi Don Arístides Movilla shugaban ƙungiyar masu gidaje. Tsohon jami'in kwastan ne, ya yi ritaya amma hannunsa bai daina ƙaiƙayin kama kaya ba. Ya hana shanya a baranda, ya hana yara ƙwallo, sannan ya tono cewa dokar rukunin ta hana sana'a a cikin gida.

Ya zo bakin tagarta cikin farar riga gogaggiya ya ce, "Doña Eudocia, allon tallan nan ya saɓa wa doka."

Ta cire allon ba musu. Washegari Senador ya karɓi aikin, tun safe yake ƙwala ihu: "Akwai arepa! Da zafinta!"

Don Arístides ya dawo. "Tsuntsun nan talla yake yi."

"To ka ci shi tara mana. Ni ban ɗauke shi aiki ba."

A taron ƙungiya ta miƙe ta ce ita ba ta sayar da komai. "Kyauta nake bayarwa. In mutum ya manta kuɗinsa a tukunyar fulawata, laifina ne?" Muka yi ta dariya, shi kuwa ya fusata ya kai ƙara wurin sufeto mai sasanta rigimar maƙwabta.

Ranar zama Doña Eudocia ta zo cikin rigar cocinta, riƙe da kejin aku, tunda an ambaci sunansa a ƙarar. Rabin unguwa muka bi ta. Sufeton wata matashiya ce mai tabarau. Ta ce, "Wa ya taɓa saye a wurin matar nan?" Kowa ya hau kallon silin. Da ta nuna ni na ce tawa ta maƙwabtaka ce.

Ana cikin shirun nan Senador ya gyara tsayuwa, ya sauke murya, muryar Don Arístides sak: "Biyu, Doña, ta ƙofar baya. Kada Matilde ta ji."

Matilde matar Don Arístides ce, tana zaune bayansa. Likita ya hana shi mai, ita ce kullum take dafa masa kabewa ba gishiri. Ashe zagayen duba katanga da yake yi kowace safiya a ƙofar bayan Doña Eudocia yake ƙarewa.

"Arístides," in ji ta a hankali, "ashe wahalar banza nake sha?"

"Bincike ne, Matilde. Shaida nake tarawa."

"A cikinka?"

Sai da sufeton ta cire tabarau ta goge hawaye. Amma ba ta yi sassauci ba. Ta ce dokar tana nan, ko dai a daina suya, ko mafi yawan masu gidaje su taru su canza ta, kuma sai da izinin hukumar lafiya da abin kashe gobara.

Doña Eudocia ta kife kasko. Ba ta roƙi kowa ba, ta fito da kujera bakin ƙofa tana fifita. Yara suka koma tafiya makaranta da busasshen burodi, maza suna fita aiki fuska a murtuke. Taron da aka kira bayan nan shi ne na farko da na ga kujeru sun kasa. Aka canza dokar, har Matilde ta ɗaga hannu, ta kuma ɗaga na mijinta.

Da zaɓe ya zagayo, Doña Eudocia muka ba shugabancin, muna zaton mun huta. Ina! Ta fi Don Arístides tsanani. Da wata baƙuwa, Yolima, ta tare a unguwar daga garin Montería ta fara suya a layin baya, Doña Eudocia ta dira mata tana tambayar izini da abin kashe gobara.

Na leƙa ta katanga na ce, "Haba maƙwabciya, yau ke ce da wannan?"

"Ni ban hana ta ba," in ji ta. "Ɗanɗanawa na yi. Wannan ba arepa ba ce, tafin takalmi ne. Za ta zubar wa unguwa mutunci."

Ita ta raka yarinyar ofishin lafiya da kanta, sannan ta koya mata yadda ake tsaga arepa a zuba ƙwai ba tare da ta fashe ba. Yanzu gwiwoyinta sun gaza, Yolima ce a bakin kasko a tagar. Ita tana zaune gefe, tana faɗa cewa man bai yi zafi ba.