Kalmar da Mizhir Ya Ƙi Rubutawa

Ni mai sayar da yadi ne, sunana Falih, kuma a garinmu na bakin kogin Furatu, can kudancin Iraƙi, babu yadin da ya kai baƙi ciniki. Alharini yakan yi kwantai, kayan amare su yi ƙura, amma baƙin yadi ban taɓa ganin ya daɗe a kan kanta ba. In aka yi rasuwa, kafin motar gawa ta dawo daga maƙabarta an yanko baƙin ƙyalle, an rubuta sunan mamaci da farin fenti da rawaya, da sunayen danginsa maza, da abin da ya yi ajalinsa, da inda za a zauna makoki, a rataya a bangon bakin titi. Ni nake yankawa. Maƙwabcina Mizhir, wanda kowa ke kira Abu Dargam, shi yake rubutawa.

Gajere ne, ga taurin kai, ga kunnen hagu a mace tun yaƙin da aka kwashe mu muna samari. A ramin daga wani hafsa ya ga kyan rubutunsa, ya cire shi daga bakin wuta ya ba shi buroshi. Kafin nan kuwa ya ɗauko abokansa a kafaɗa, wasu da rai, wasu gunduwa-gunduwa a cikin bargo, daga baya shi ya rubuta musu ƙyallayensu. Saboda haka in ana maganar shahidi, Mizhir ba a littafi ya karanta ba.

Ba zan shafa masa mai ba, ya yi wa kowace gwamnati aiki. Duk wanda ya hau, Mizhir ne ke rubuta masa "Barka da zuwa", in ya faɗi kuma shi ke shafewa. Matarsa Najiya, Ummu Dargam, ba ta raga masa a kan wannan. Takan kawo masa abincin rana da kanta, shinkafa da miyar kuɓewa da gurasar da ta gasa, ta tsaya a ƙofar shagona tana haki.

"Abu Rusul," ta ce da ni, "don Allah dubi abokinka. Ko Iblis aka naɗa gwamna gobe, wannan sai ya rubuta masa marhaba, har da ado a gefe."

"Me ta ce?" in ji Mizhir, yana juyo mata da mataccen kunnen da gangan.

"Cewa na yi ci, kafin ta huce, kurman ƙarya!"

Hakin nan nata hayaƙin tanderu ne ya jawo shi. Tun tana yarinya take gasa gurasar sayarwa, da ita ta rufa wa gidan asiri a shekarun da albashi ba ya sayen ƙwai. Ƙirjin ya yi ta cin ta a hankali, har ya zama duk lokacin zafi sai an kwantar da ita an sa mata na'urar numfashi.

To, bari in gaya muku yadda asibitinmu yake, kuma ku yi mini haƙuri in na ɗaga murya. An kawo sabon shugaban asibiti, aka ce an ware maƙudan dinari na gyara. Mun ga gyara. An gina ƙofa ta marmara mai tsayin hasumiya, aka yi wurin da ruwa ke tsartuwa sama a tsakar harabar, a garin da famfonmu ke zubo gishiri. An sa wa ofishinsa labule da kujeru daga waje. A ciki kuwa, allura kai za ka sayo, auduga kai za ka sayo, janaretan da ke riƙe da ran marasa lafiya ya girmi Dargam ɗan Mizhir, mai kula da shi, wani bawan Allah Jasib, da waya da addu'a yake ɗaure shi. Ranar buɗe ƙofar marmara Mizhir ne ya rubuta ƙyallen taya murna, kore da ruwan zinare.

A tsakiyar zafin shekarar nan aka sanar za a yi gagarumin fareti, a nuna mana sababbin motoci masu sulke da aka sayo don tsaron ƙasa. Daga ofishin gwamna aka ce kowace ma'aikata ta ba da gudummawar man dizal. Ba a ɓoye aka yi ba, wallahi. Da rana tsaka tanka ta shiga ta ƙofar marmara ta zuƙe tankin asibiti, Jasib yana biye da ita yana ihu kamar wanda aka ƙwace wa ɗa. Duk kasuwa mun gani. Muka girgiza kai, kowa ya koma kan cinikinsa.

Ranar faretin, Najiya tana kwance a asibiti. Wuta ta ɗauke bayan azahar kamar yadda ta saba. Janareta ya yi tari, ya yi tari, ya yi shiru. Wata ma'aikaciya ta ce da Mizhir ya ruga kasuwa wurin masu walda ya samo tukunyar iskar numfashi. Ya ruga, tsoho da shi, ya samo, ya saɓo ta a kafaɗa. Da ya iso babban titi sai ya tarar an ja igiya, an rufe hanya. Ya roƙa, ya yi rantsuwa, ya nuna tukunyar, wani ɗan sanda ya ce ko ministan lafiya ne ba ya tsallakawa sai an gama. Haka ya tsaya a bayan igiya, ƙarfe a wuya, motoci masu sulke suna wucewa ɗaya bayan ɗaya suna ƙona man asibiti a fuskarsa. A cikin sojojin da ke taku a bayansu har da ɗansa Dargam, ƙaramin soja, takalmi na ƙyalli, bai san abin da ake ciki ba.

Da aka buɗe hanya ya isa, an riga an rufa mata mayafinta. Ba ita kaɗai ta rasu a ɗakin ba.

Kafin gari ya waye an shirya labari. Wai maƙiya ne suka yi zagon ƙasa suka katse wutar, wannan kuma shi ke nuna dole a ƙara kuɗin tsaro. Aka kafa kwamitin bincike. Aka kama Jasib, aka bar jaki ana dukan taiki.

Da safe na yanka wa Mizhir ƙyallen da hannuna, na kai masa. Ya shimfiɗa, ya rubuta ayar sama, ya rubuta sunanta, ya zo layin da ake faɗin sanadi. Nan wata mota mai baƙin gilashi ta tsaya, wani Ustaz Naufal daga ofishin gwamna ya fito, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Dargam na biye da shi, idanu jawur.

"Allah ya ƙara muku lada, Hajji," in ji Naufal. "Mai girma gwamna ya aiko ni da albishir. An amince a sa marigayiya cikin shahidai. Akwai fili, akwai fansho ga iyali. Abin da ake so kawai, a ƙyalle a rubuta shahida, sakamakon harin maƙiya. Kai ne malamin abin, ba sai an koya maka ba."

Mizhir ya juyo masa da kunnen da ke ji. "Wane maƙiyi, Ustaz? Faɗa mini sunansa in rubuta. Ina da fenti."

"Hajji, wannan aikin kwamiti ne."

"Tankar da ta kwashe man, ta maƙiya ce? Lambar gwamnati na gani a jikinta. Ko idona ma ya kurmance?"

"To in ba ka son wannan, rubuta ƙaddara. Ai kai mumini ne."

"Ƙaddarar da na rubuta ta fi gashin kanka yawa. Allah ya ƙaddara mutuwa, gaskiya ne. Amma ba Allah ne ya sa hannu a ba da man ba."

Naufal ya gyara tabarau, ya ce yana mota in an yi shawara. Yana fita Dargam ya durƙusa gaban uban.

"Baba, don girman Allah. Kalma ɗaya ce. Ni da Zahra da yara a ɗaki ɗaya muke, kai ma ka sani. In ka rubuta wani abu daban, kakin nan cire mini shi za su yi. Umma ta tafi, ba dawowa za ta yi ba."

"Na san ba za ta dawo ba. Ni na tsaya da tukunya ina kallon ka kana taku."

"Ban sani ba, Baba! Wallahi ban sani ba!"

"Jiya ba ka sani ba. Yau fa?"

Dargam ya juyo wurina. "Baffa Abu Rusul, ka yi masa magana mana."

Ban yi ba. Me zan ce? Yaron bai yi ƙarya ba, ɗakin nan na san shi, in an shimfiɗa katifa ƙofa ba ta rufuwa. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau: sun kashe uwar, sannan suka zo sayen bakin ɗan da talaucin da su suka jefa shi ciki.

Mizhir ya tsoma buroshi a rawaya, ya rubuta da manyan baƙi: "Ta rasu saboda an kwashe man janaretan asibiti an kai fareti." Ya ce, "Shahidai na san su, na ɗauke su a wuyana. In na kira wannan shahada, na yi musu ƙarya, na yi mata ƙarya, na kuma wanke ɓarawo da hannuna."

Ya rataya a bangon bakin titi. Kafin la'asar 'yan sanda sun yage. Na yanka wani, ya sake rubutawa, suka sake yagewa. Muka yi ta yi har aka tashi daga makoki, sannan aka zo aka garƙame masa shago, wai ba shi da lasisi, shagon da ya girmi ofishin lasisin. Dargam kuwa ya je ya sa hannu a takardarsu. Aka bugo masa ƙyalle a injin kwamfuta, mai sheƙi, da tutar ƙasa a kusurwa, an rubuta shahida. Wannan ƙyallen ba wanda ya taɓa shi, har rana ta kashe launinsa.

Shekaru suka tafi. Dargam ya gina gida a filin, ya ware wa uban ɗaki mai na'urar sanyi. Mizhir bai taɓa taka ƙofar ba. Jikoki suna zuwa wurinsa, yana saya musu alewa, in ɗan ya gaishe shi yana amsawa, amma iyakarta ke nan. Shugaban asibitin an yi masa ƙarin girma zuwa babban birni. Jasib ya fito kurkuku ba haƙora. Aikin gwamnati ya yanke wa Mizhir, masu injin bugawa suka cinye sauran, ya koma zama a bencin shagona. Duk wanda ya gani daga ofishin gwamna, ko masinja ne, sai ya ɗaga murya: "Yaya kwamiti? Ya haihu, ko har yanzu naƙuda ake?" Mutane su yi dariya. Ni na daina dariyar tun da na lura da gaske yake tambaya.

Da tsufa ya soma cin ƙarfinsa, wata rana ya ce, "Abu Rusul, yanko mini baƙi, mai kyau, kada ka cuce ni."

"Wa ya mutu?"

"Ni. Kafin 'yan kwamfuta su sa mini fulawa a kai."

A gabana ya rubuta, layi yana karkata, shi da a da ko zare ba ya ja. A al'adarmu ba a sa sunan matar mutum a ƙyallensa. Shi ya sa. Ya rubuta: "Mizhir, mahaifin Dargam, mijin Najiya wadda ba maƙiyi ne ya kashe ta ba, man janaretan asibiti aka kai fareti. Ya rasu yana jiran kwamiti." Ya naɗe ya ba ni, ya ce in lokaci ya yi in miƙa wa ɗansa, kada in rataya da kaina. A ƙofar marmara yake so.

Bara, lokacin sanyi, ya rasu a gida, don ya rantse ba za a kai shi asibitin nan ba. Da muka dawo daga maƙabarta na kira Dargam shago, yana cikin kaki, yanzu har da igiya a hannun riga. Na warware ƙyallen a kan kanta. Ya karanta har ƙarshe.

"Baffa, ka san abin da wannan zai jawo mini? Gidan, da aikin."

"Na sani."

"In aka ninke layin ƙasan nan ciki, ba wanda zai gani."

"Ba wanda zai gani," na ce. "Ga shi nan, naka ne. Ni aike aka ba ni."

Ya naɗe, ya ɗauki guduma da ƙusoshi a shagona ya fita. Na bi shi a baya, ban san ko gida zai nufa ba. Asibiti ya nufa. Ya ɗora ƙusa a jikin ƙofar ya buga, ta lanƙwashe. Ya sake, ta sake lanƙwashewa, marmara ba ta karɓar ƙusa. Masu gadi suka taso, suka ga kaki, suka tsaya suna kallon juna. Na ce a raina shi ke nan, ya sami uzuri.

Sai ya zauna a ƙasa, a gaban jama'a, ya zare igiyoyin takalmansa na soja duka biyu. Ya ɗaure kusurwa ɗaya a ƙarfen ƙofa, ya ɗaure ɗayar, ya ja ƙyallen ya miƙe, ya bi layin ƙasan da tafin hannu ya daidaita shi don kada harafi ɗaya ya ɓuya. Sannan ya tsaya a gefensa, takalma a buɗe, yana kuka kamar yaro, ya ce da masu gadin, "Wanda zai cire, ya fara da ni. Uwata ce."