Foldar da Bashir Ya Ba Ni

Kafin in lalace, ni ɗalibi ne a Birmingham, ina zaune a unguwar Aston. Karatun kwamfuta ya kawo ni daga Kano. Duk ɗalibin da ya rikice tsakanin tsohon kwafin aikinsa da sabo, wurina yake zuwa. Ina da wata manhaja mai jera fayil biyu gefe da gefe, ta shafa ja a duk inda suka bambanta, sai ka zaɓi abin da kake so ka haɗe su. Aikin bai taka kara ya karya ba, amma sai a yi ta sa mini albarka, ni kuwa kaina yana ta kumbura.

Wata rana abokina Bashir ya kawo mini foldarsa ta kwamfuta gaba ɗaya, da duk fayilolin da ke ciki. Ya ce, "Don Allah ka yi mini merging, supervisor na jira, na kasa gane wanne ne latest." Bawan Allah bai ware komai ba. Takardunsa na banki da na albashin ɗan aikin da yake taɓawa duk suna ciki. Na gama masa, na ajiye kwafi, ban ma san me zan yi da shi ba.

A Manchester aka nuna mini amfaninsa. Wani ɗan garinmu a unguwar Levenshulme yana neman gidan haya, ba shi da takardar albashi. Ya ce, "Malam, suna kawai za ka canza, landlord ba zai duba ba. Wa zai cutu?" Na cire sunan Bashir daga takardar albashin na sa nasa, na jera ta gaskiya da ta jabu a manhajar, na tabbatar babu abin da ya motsa sai inda na taɓa. Ya samu gida. Wannan ya gaya wa wancan, takardun jabu suka zama sana'ata, har na daina shiga aji.

Da aka kama ni, halina na ɗalibi ne ya tona mini asiri: ba na goge asalin fayil. Kowace takardar jabu tana da ta gaskiyarta a gefe, a tsare tsaf. A kotu, masanin da 'yan sanda suka kawo ya buɗe irin manhajata, ya jera su a allo. Jan nan ya fito layi-layi. Ko lauyana sai da ya sunkuyar da kai.

Ɗaurin bai ci mini rai kamar abin da ya sami Bashir ba. Lambar asusunsa ce a kan takardun, don haka shi aka fara kamawa. Kafin a wanke shi, an dakatar da karatunsa, tallafinsa ya tsaya, ya koma gida babu digiri.

Da na fito, na tuba, na kira shi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ni na yafe maka. Amma Baba ya rasu yana zaton ni ɓarawo ne. Wannan fa, wa zai gyara?"

Matasa masu iya kwamfuta, duk wanda ya miƙo muku foldarsa, amana ya ba ku. Ku yi aikin da ya sa ku, ku goge sauran a gabansa. Ni ban yi ba, kuma har yau na kasa zuwa yi wa mahaifiyarsa ta'aziyya.