Kunun da Aka Ɗura wa Malam Sule

Har gobe ban manta da ranar da aka kawo mana Malam Sule a amalanke ba. Lokacin ni ce jami'ar lafiya mai kula da ƙaramin asibitin wani ƙauye a yankin Rimin Gado, ana tsakiyar yankan gero. A gona ya faɗi da hantsi. Baki ya karkace, hannu da ƙafar dama sun saki, magana ta ƙi fita. Na auna jininsa, na tarar ya hau sosai. Shanyewar ɓarin jiki ce, wato jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa.

Ku jami'an lafiya da kuka fara aiki kwanan nan, ku riƙe wannan: kafin a ba irin wannan majinyaci komai, sai an gwada haɗiyarsa. Na ɗiga masa ruwa rabin cokali, nan take ya ƙware, ya hau tari. Ke nan duk abin da aka zuba masa huhu zai nufa, ba ciki ba. Na rubuta takardar tura shi babban asibiti a Kano, inda za a sa masa robar abinci ta hanci. Sannan na ja matarsa, Inna Hajara, gefe na ce, "Inna, ko ɗigon ruwa kada ya shiga bakinsa har ku isa." Ta ce to, har ta maimaita mini maganar.

Ashe ba su tafi ba. Yayansa, Alhaji Garba, babban gidan, ya ce a fara kai shi gida dangi su gan shi. Sai a rana ta uku labari ya iso ni. Na bar aiki na tafi. Na tarar gida cike da masu dubiya, kwanukan kunu da fura jere a bakin ɗaki, duk wanda ya shigo tambayarsa ɗaya: "Ya dai samu ya ci wani abu?" A ciki kuwa Alhaji ya tallafe kan ƙanensa, yana ɗura masa kunun tsamiya da ludayi. Jiki ya yi zafi rau, ƙirji sai kurari yake.

Na ce, "Alhaji, kunun nan huhunsa yake tafiya."

Ya ce, "Yo 'yar nan, so kike a ce mun zuba ido yunwa ta kashe ɗan'uwanmu? Jama'a na ta shigowa suna tambaya."

Inna Hajara ta ɗago daga lungu ta ce, "Malama, wallahi na faɗa. Ya ce in ban iya jinya ba in ba mutane wuri."

Raina ya ɓaci matuƙa. Na fizge ludayin daga hannun dattijon da a haife ya haife ni, a gaban jama'a, na ce ba zan bar gidan ba sai an kawo mota. An kawo, amma an makara. Kwanan Malam Sule huɗu a Kano ya rasu. Likitan da ya duba shi ya gaya mini huhun ne ya tafi da shi, ba shanyewar ba.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne abin da na ji a wurin zaman makoki. Ana ta sa wa Alhaji albarka, wai ya tsaya wa ƙanensa, bai bar shi da yunwa ba. Mata kuma suna raɗa cewa Hajara ko ruwa ta hana mijinta. Ita kaɗai ta yi daidai a gidan, ita kuma ta kwashi zagin.

Ni ma da laifina. Ranar da aka kawo shi asibitinmu, na ɗora maganar a kan wadda ba ta da ta cewa, na bar mai iko, wato Alhaji, yana waje yana amsa gaisuwa. Tun daga ranar, duk majinyacin da aka kawo mini, kafin in buɗe baki sai na tambaya: "Wa ake jin maganarsa a gidanku? A kira mini shi."