Tarwadar da Kawu Ya Aiko

Ni haifaffiyar Zangon Kumasi ce, kuma har na yi aure na haihu ban taɓa ganin kifi mai rai ba. Kifin da na sani shi ne wanda matan Asante ke jerawa a babbar kasuwa, an yi masa banda ya naɗe kamar gammo, sai kuma mai gishirin nan mai wari da muke jefawa a miya. Wanda ya tashi a bakin kogi zai ce wannan ƙauyanci ne. To ni a bakin famfo na tashi, ina bin layi da garwa a ka. Na fara da wannan ne don ku san irin matar da ta yi abin da zan faɗa, ba don in wanke kaina ba.

Maigidana kafinta ne. Ɗaki ɗaya da 'yar baranda muke haya a wani babban gida a Akwatia Line, gidan da ya tara Mosawa da Dagombawa da Zabarmawa da mu, kowa da murhunsa, famfo kuwa sai an fita titi. A shekarun da Turawa suka fara haɗa kayansu, wani Bature da yake yi wa gyaran ƙofofi ya tashi komawa ƙasarsu, sai ya bar masa wani akwatin gilashi, girmansa ya kai adakar amarya, da jajayen kifaye guda biyar a ciki, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba. Ƙarti biyu ne suka kamo shi har barandarmu, ruwa na tambal-tambal.

Na ce, "Malam, mutane na samun agogo da kwat a wajen Turawa, kai kuma ka kwaso mana baki biyar da ko miyar rana ɗaya ba za su yi ba?"

Murmushi kawai ya yi. Dama shi ba mai magana ba ne, ni Allah ya ba bakin mu biyu.

'Yarmu ce ta mallake su. Shekararta huɗu a lokacin. Da ta farka sai ta je ta manna hanci a gilashi, ta ce suna gaishe ta ne idan suna buɗe baki suna rufewa, ita ma sai ta amsa musu ɗaya bayan ɗaya. Ita ke marmasa musu burodi. 'Yar fari ce, don haka ni ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane, haka muka tarar iyayenmu suna yi. Uban kuwa tun ranar suna ya zubar da wannan kunyar. Da la'asar zai ɗora ta a cinya a gaban akwatin, su yi ta hirarsu, ina jin su daga wajen murhu ina yi kamar ban ji ba.

Ƙyanda ta shigo unguwa a wata damina, ta ɗauki yara da yawa, ta haɗa da tamu. Da safe ta cika. Uban yana wani ƙauye a hanyar Sunyani yana rufin ɗakin ajiyar 'ya'yan koko. An tura mutum, amma gawa ba ta jira, kafin azahar an kai ta. Washegari ya iso, maza suka raka shi maƙabarta, suka nuna masa ɗan tudun ƙasa. Bai ga fuskarta ba, bai ɗauke ta ba, bai sa hannu a ƙasar ba.

Daga nan ya kwanta. Ba ciwo ba ne, kwanciya ce kawai. Yakan tashi ya yi salla ya koma, abinci sai na tsaya a kansa. Zarto da guduma suka fara tsatsa a ƙarƙashin gado. Malamai sun zo, dattawan gida sun zo, kowa ya ce haƙuri, ya ce to. Ni ke fita da wake da shinkafa bakin titi don mu ci. Tsoro nake ji, tsoro sosai, don na ga mazan da baƙin ciki ya bi da su a hankali har ya gama.

Kifayen ne suka tashe shi. Ruwan akwatin ya yi kore saboda babu mai kula, wata rana ya fito alwala ya ga ɗaya ya karkace yana iyo a gefe guda. Ya tsaya ya dube shi, sai ya ce in ba shi bokiti. Wannan ce maganar farko da ya fara yi mini da kansa a cikin wata biyu. Ya ɗebo ruwan famfo ya bar shi ya kwana, don ya ce akwai magani a ciki mai kashe su idan sabo ne. Ya kwashe rabin na akwatin, ya wanke tsakuwar ƙasa ɗaya-ɗaya, ya zuba sabon a hankali ta jikin gilashi. Kifin ya miƙe. Ya buga wa akwatin murfi na raga saboda kyanwar gidan.

Tun daga nan zaman la'asar ya dawo, sai dai yanzu ni ce a gefensa. In kawo masa shayi in zauna a tabarma. Ya ce, "Wancan ya ƙara ƙiba." In ce, "Cin rabon 'yan'uwansa yake yi." Iyakar hirar ke nan, amma ta ishe ni. Ba mu taɓa ambaton yarinyar ba, kuma duk mun san wa muke kallo. A hankali ya goge kayan aikinsa, ya fara karɓar ƙananan ayyuka. Ban yi makaranta ba, amma na san abin da ke riƙe da mijina, kifaye biyar ne a cikin gilashi, in suka tafi ban san abin da zai rage ba.

Ranar da ya fara karɓar aikin kwana, can gaba da Sofoline, ya tsaya ya yi mini bayani kamar mai barin jariri. Burodi ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka, sau ɗaya da safe. Kada in sa hannu a ruwan in na taɓa sabulu. Kada in bar murfin a buɗe. Ya ce gobe da la'asar yana nan. Bai ce kada in sa wani kifi a ciki ba, wa zai yi tunanin faɗin haka?

Da hantsi sai ga wani direban lori yana sallama, da garwar kananzir da aka yanke bakinta an rufe da buhu. Ya ce daga Yeji yake, kawun maigida ne ya ba shi saƙo. Kawun nan masunci ne a bakin kogi, tsoho, ƙafa ta hana shi zuwa ta'aziyya, shi ne ya aiko da gaisuwa da abin da hannunsa ya iya. Na ɗaga buhun. Tarwada ce, baƙa, mai gemu, tsawonta daga gwiwar hannuna zuwa ƙarshen yatsu. Rabin ruwan ya zube a hanya, sauran ya yi zafi, tana ta haki.

Matan gida suka taru a kaina. Maƙwabciyata Badagomba ta ce in yanka ta yanzu kafin ta mutu a yi asara. Tsohuwar gidan, wadda duk muke kira Iya, ta ce sam.

"Saƙon maigida ba a taɓa shi sai ya gani da idonsa," in ji ta. "Balle na kawu, balle na gaisuwar mutuwa. An aiko masa da rai, ya zo ya tarar a tukunya, me zai aika wa tsohon?"

Gaskiya ta faɗa, a kan haka aka raine ni. Ko goro ɗaya aka kawo wa mai gida, ajiye shi ake yi yadda ya zo har ya dawo. Don haka dole tarwadar nan ta kwana da rai. Na juye ta a kwanon wanki, ta yi tsalle ta faɗo kan siminti. Na mayar, ta sake. Randar ruwan shanmu bakinta ya yi mata ƙanƙanta. Ina tsaye da ita tana zillewa a cikin zanina, sai idona ya faɗa kan akwatin gilashi, ga ruwa mai sanyi, ga fili, ga murfi.

A Zango in baƙo ya sauka, wajen mutanensa ake kai shi. Bamoshe a kai shi ɗakin Mosawa, Bazabarme wajen Zabarmawa, ya kwana cikin danginsa. Ni a kaina kifi ɗan'uwan kifi ne. Har daɗi na ji da wannan dabara, wallahi, har na ce wa Iya ga baƙuwa ta samu masauki. Babu wadda ta hana ni a cikin matan, duk irina ne, 'yan bakin famfo. Tarwadar ta nutse ta kwanta a ƙasa shiru, ƙananan suna zagaya ta, ɗaya har yana taɓa gemunta. Na tsaya na ɗan kalla, ban ga komai ba. Na rufe murfin na ɗauki tukunyata na fita kasuwanci.

Bayan azahar na dawo na tarar da biyu.

Na leƙa bayan tsakuwa, na duba ƙasan baranda, na zargi kyanwa, alhali murfin na nan yadda na bar shi. Ina cikin dubawa ɗaya daga cikin biyun ya sauko kusa da bakinta. Ba ta bi shi ba, ba ta ko motsa jiki ba. Baki kawai ta buɗe, ya shige. Na jefar da murfin na tsunduma hannu biyu. Santsi gare ta kamar kuɓewa, ta juya, ƙayar gefenta ta tsaga mini tafin hannu. Ruwa ya gauraye da laka da jini. Kafin in rarumo kwando in kamo ta, na ƙarshen ma babu shi.

Na zauna a ƙasa cikin ruwan da ya zube, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da 'yata, don a ranar an ce uwar fari ba ta ɗaga murya. Mata suka zo suna ɗaure mini hannu, suna cewa sannu, ciwon ƙaya akwai zafi. Na bar su a kan haka.

Da gari ya waye ban ɗora tukunya ba. Na bi kantunan Kwara, Larabawan nan 'yan kasuwa, ɗaya bayan ɗaya ina tambayar jan kifi mai rai, yaran kanti suna kallona kamar na taɓu. Na shiga babbar kasuwa wajen wata mai kifi da muka saba. Ta fara dariya, da ta dubi fuskata sai ta daina, ta ce, "Kafra," wato sannu a bakinsu. Na taka har unguwar Turawa. Maigadin wani gida, Bazabarme, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce wataƙila akwai a wani gidan, amma wa zai buɗe mini ƙofa? Na dawo da ƙafa, ƙura har gwiwa, na ɗauko tarwadar daga garwar da ta kwana na mayar da ita cikin akwatin, tunda babu sauran wanda za ta ci, kuma har yanzu saƙon maigida ce.

Da la'asar ya shigo da akwatin kayan aikinsa a kafaɗa. Ban bari ya tambaya ba. Na durƙusa na faɗa masa komai, daga direba har yawon da na yi. Ya daɗe a tsaye yana kallon gilashin. So nake ya zage ni, ko ya ɗaga hannu, abin da bai taɓa yi ba, da na samu sauƙi.

Ya ce, "Kawu yana lafiya?"

Na ce direban ya ce lafiya, sai ƙafa.

Ya ce, "To, na gani. A yanka a raba wa mutanen gida."

Ya shiga ɗaki da kayansa ya saki labule. Na kai tarwadar bayan madafa, bakin kwata. Ina jin ƙarar zarto kaɗan-kaɗan daga ɗakin, sai ƙwanƙwasar guduma, na ce a raina wane irin mutum ne wannan, aiki a irin wannan lokaci. Na tsaga cikinta. Ukun farko sun narke, amma biyun ƙarshe suna nan, jan ya koɗe, sai dai kowa ya gani ya san su. Abu ɗaya ne ya zo mini, kada ya fito ya gan su haka. Na tattara su da hanjin na watsa a kwata, na kwara bokitin ruwa, na ƙara wani, har suka bi ta ƙarƙashin katanga suka fita titi.

Ina ajiye bokitin ya fito. A hannunsa akwai ɗan akwatin katako da bai fi sandar sabulu ba, da murfinsa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a ciki wanda ya yago daga tsohuwar rigarsa.

Ya ce, "Kin samu wani abu a cikinta?"

Na dubi akwatin, na dubi kwatar da ko bushewa ba ta yi ba. Na ce, "Babu komai, Malam."

Ya ce, "To." Ya rufe shi ya sa a aljihu, ya ɗauki buta ya tafi masallaci.

Bai koma kwanciya ba, wannan kam Allah ya tsare. Ya ci gaba da aikinsa, bai taɓa hana ni komai ba, bai taɓa tayar da maganar ba. Amma zaman la'asar ya ƙare daga ranar, in ya dawo aiki ƙofar masallaci yake wucewa har magariba. Mun tsufa tare a ɗakin nan. Har ya koma ga Allah ban iya gaya masa cewa biyu na gani ba, kuma da na ɗan dakata da bokitin nan, da ya samu abin da zai binne da hannunsa.