Hannun Hagu na Anti Roba

Kowace safiya, kafin ta kunna injin ko ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje na jami'armu, Anti Roba takan naɗe hannun rigarta na hagu, ta kwance bandejin jiya, ta duba fatarta a bakin taga. In ta ga ja ko ƙuraje, guntun robar da ta wuni ta kwana da shi sai kwandon shara. In fatar lafiya lau, sai ta ajiye shi gefe, ta yanko sabon haɗi ta ɗaura. Sannan ta ɗauki waya ta shigo zaurenmu na intanet.

Zauren ita ta buɗe shi, don mu da aka yanke wa ƙafa, kuma mu muka raɗa mata wannan suna. Injiniya ce, dakta ce a fannin haɗa roba. Damuwarta ɗaya: safar da muke sa wa dungu kafin mu zura ƙafar roba. Wadda ake kawowa daga waje tana tara gumi, gumin ya zama gyambo, gyambon ya kwantar da mutum, wani har a ƙara yanke masa. Shi ya sa kowa ke tura hoton dungunsa a zaure, ita kuma ta bi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta ce ya huta da ƙafar, wancan ta ce ya tafi asibiti yau, kada ya kai gobe.

Ni a jikina na san aikinta. Mota ta raba ni da ƙafar dama ina aji biyu a sashen kwamfuta. Na rubuta jarrabawa safata jiƙe da jini, ban nemi tausayin kowa ba, har yau kuma ba na nema. A matakalar bene ta tare ni.

"Ke 'yar nan, wannan ɗingishin na gyambo ne. Biyo ni."

"Ba na son taimako," na ce.

"Wa ya ce zan taimake ki? Me kike karanta?"

"Kwamfuta."

"To kin samu aiki. Hotuna sun fi ƙarfin idona."

Ta ba ni safar da ta fara gwadawa a jikinta, ni kuma na rubuta mata manhajar da ke tura hotuna masu ja da kumburi zuwa sama, don ta fara da su.

Anti, ke ce wadda ba ta taɓa miƙa mana abin da fatarta ba ta ɗanɗana ba. Hannunki na hagu duk tabo ne, Anti, kuma kowane tabo gyambo ne da bai fito wa ɗayanmu ba.

Amma me jami'a ta yi mata? Duk lokacin da ta nemi ƙarin girma, kwamiti ya ce rubutunta a manyan mujallu bai kai ba, wai tana ɓata lokaci da hira a waya. Wani ya ce jikin mutum ɗaya ba hujja ba ce a kimiyya. Ta ce ta sani, shi ya sa injin ke gwada ƙarfin robar, amma injin ba ya jin ƙaiƙayi. Suka yi dariya, suka tsallake ta. Ranar ritayarta aka ba ta agogon bango, shugaban sashe ya kira ta uwar ɗalibai, bai ambaci roba ko sau ɗaya ba. A makon nan kuma aka sanar cewa ɗakinta na gwaje-gwaje zai koma falon hutawar manyan malamai. Falon hutawa! In ɗakin ya tafi, safarmu ta tafi.

Ranar da leburori suka zo fitar da injuna, sun tarar da mu zaune a baranda. Kowa ya cire ƙafarsa, muka jera su a bakin ƙofa. Leburorin suka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya iya tsallakawa. Shugaban sashe ya fito yana cewa mu tashi.

Baba Tela, dattijon zaurenmu, ya dube shi. "Ranka ya daɗe, da me za mu tashi? Ga ƙafafun can."

Ba a ba mu ɗakin ba. An dai bar mana makulli zuwa ƙarshen zangon karatu, wai kwamiti zai sake zama. To, ya je ya zauna. Mu ma mun iya zama.

Mun gode, Anti. Allah ya ba ki lafiya, ya huce miki hannun nan. Ku kuma masu bincike, ku fito daga ofis ku ga wanda zai sa abin da kuke haɗawa a jikinsa.

Ranar da ta miƙa mini makullin, na naɗe hannun rigata. Ta kalle ni, ta ce, "Zai yi ƙaiƙayi fa."

Haɗin wannan makon yana ɗaure a hannuna na hagu. Yana ƙaiƙayi. Ba zai kai ga dungun kowa ba.