Sitiyarin Motar Malam

Motar Malam tsohuwa ce, ƙirar Jamus, ruwan toka, ta girmi autata. Sitiyarinta yana da wasa. Sai ka juya shi faɗin yatsu huɗu kafin tayoyin gaba su san an taɓa shi. Duk wanda ya karɓi makulli a layinmu na Agege don ya gwada, kafin ya kai bakin titi ya dawo yana share gumi. Mijina kaɗai take ji, sai kuma ni daga baya.

Da ciwon suga ya fara cin idanunsa, ya ce shi ba zai ɗauki direba ba. Tun yana ɗan gani da rana, kowace Lahadi da hantsi sai mu tafi filin idi. Na haura arba'in a lokacin, kuma a shekarar na shiga ajin yaƙi da jahilci don in iya karanta allunan hanya.

"Kada ki yi kokawa da ita," haka yake ce min. "Ki fara juyawa tun kwana ba ta iso ba. Ba ta yatsunta huɗu tukuna."

Shekara bakwai ina kai shi rumfarsa ta albasa a Mile 12. Direbobin danfo, motocin hayar Legas, su leƙo suna ihu da Yarabanci, "Alhaja, jeje o!" wato in bi a hankali. Ni dai ina riƙe da abata. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, motar ta faɗa a kason yara, amma babu mai so. Suka ce a bar wa Umma, ai ita kaɗai ke iyawa da ita. Da ita nake ɗauko wa matan unguwa tattasai da tumatir, da ita nake zuwa Ikorodu duba 'yata. Ban taɓa jiran kowa ya kai ni unguwa ba.

Wata safiya babban ɗana ya zo gaisuwa. Ɗan fari ne, ba na faɗin sunansa, ba na doguwar magana da shi, balle musu. Haka aka tarbiyyantar da mu, zaman Legas bai cire min ba. Ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Umma, sitiyarin nan ba ya barina barci. Wata rana zai jefa ki ƙarƙashin tirela. Akwai sabon salo da ake sawa yanzu, rak, mai laushi. Ki bari in sa miki."

Da ƙaninsa ne, da na ce a bar min abata yadda ubansu ya bar ta. Amma shi ne, sai na dubi tabarma na ce, "To. Allah ya yi albarka."

Sati uku motar ta yi a gareji a Iyana Ipaja. Na kasa haƙuri, na hau danfo na je ganinta. Bakaniken dattijo ne, Bayarabe, ya san Malam tun da daɗewa, Hausarsa kuma ba laifi. Ya nuna min tsohon akwatin sitiyarin yashe a ƙasa, baƙi ƙirin da mai. Sannan ya nuna min sabon, ɗan tokumbo, wato na hannu daga waje: dogon ƙarfe mai haƙora a jere, da ɗan ƙaramin gare da ke takawa a kansa. Ya ce da ka taɓa, tayoyi sun amsa. Sai da suka yanke wani wuri a ƙarƙashin motar, mai walda ya ƙera masa mazauni.

"Ko da yatsa ɗaya, Alhaja," ya ce.

Na dawo gida da farin ciki. Bayan sallar la'asar na daɗe ina yi wa yaron nan addu'a.

Ranar da aka dawo da ita, ina shiga na ji gwiwata ta bugi gaba. An jawo kujerar, madubi ma an karkata shi. Na gyara, ban kawo komai a raina ba. Babban ɗan nawa yana tsaye a ƙofar gida ya harɗe hannu. Na tayar, na tafi a hankali. Da na doshi kwanar layinmu, hannuna ya yi abin da ya shekara yana yi, ya ba ta yatsunta huɗu. Motar ta zabura gefe, tayar gaba ta faɗa kwata, bencin mai shayi ya kife. Alhamdu lillahi ba kowa a kai. 'Yan okada suka taru suka ɗaga ta.

Ya iso, ya miƙo hannu a ladabce. "Umma, kawo makullin. Sai hannunki ya saba."

Na ba shi. Sai da na shiga ɗaki na tambayi kaina yadda hannu zai saba da abin da ba a ba shi ya riƙe ba.

Bayan kwana uku na koma wurin bakaniken, in roƙe shi ya mayar min da tsohon akwatin. Ya girgiza kai. 'Yan gwangwan sun riga sun kwashe, kuma inda aka yanke ba ya komawa.

"Amma ai na gaya wa ɗanki," ya ce. "Na ce hannun Alhaja ya saba da tsohon, a kai ta fili ta yi sati biyu kafin ta hau titi. Ya ce ba ke za ki tuƙa ba, ta iyawo ce, wato matarsa, za ta riƙa kai yara makaranta. Sau biyu ya kawo ta nan ta gwada." Ya dubi fuskata, ya ajiye sifanar da ke hannunsa. "Ah. Alhaja, ba ki sani ba?"

Na ce masa na gode, na fita.

Ban ga laifin matar ɗana ba. Har ɗaki ta zo ta durƙusa tana min godiya, don an gaya mata ni na ba ta. Na ce Allah ya tsare hanya. Motar ma kasonsu ce, da ya fito fili ya roƙa, wataƙila da na yi kwana biyu ina jin zafi in ba shi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne tsayuwar nan da ya yi a ƙofar gida. An gaya masa abin da hannuna zai yi, ya bar ni na shiga, ya tsaya yana jira.

Har yau yana zuwa gaisuwa kowace Juma'a, ya durƙusa a inda ya saba. Ban tambaye shi makulli ba, shi ma bai sake tayar da zancen ba. Da safe motar takan wuce ta ƙofata, jikoki su leƙo suna kiran Hajiya, in ɗaga musu hannu. Sai in ɗauki buhunana in nufi tashar danfo.