Tulu Mai Haruffa Shida

A shekarar da aka sace wa wani abokin aikina akwatin imel, na ɗauki aniyar gyara wa mutanen gidanmu kalmomin sirri. Lissafi nake koyarwa a wata sakandare a Garwa, arewacin Kamaru, kuma malamin lissafi bai cika jiran a nemi taimakonsa ba.

Na tsinto kalmomin Hausa daga littattafan da kakanmu ya zo da su daga Kano, na rubuta ɗan shirin kwamfuta wanda zai ɗebo huɗu a makance ya jera su, su zama kalmar sirri. Na cire duk kalma mai ƙ ko ɗ ko ɓ, tunda madannan kwamfuta na Faransanci ba su san da zamansu ba. Na yaba wa kaina ƙwarai a kan wannan hangen nesa.

Rabon ƙanwata ya fito: tulu ciyawa kujera shinkafa. Ni na shigar mata a waya, na faɗa mata da baki, ta maimaita tana dariya ta ce ta haddace.

Bayan wata biyu ta tafi Maruwa jarrabawar shiga makarantar horar da malamai. Wayar ta faɗa ruwa. Takardar kiran jarrabawa tana cikin imel, kuma ba a shiga aji sai da ita a hannu, washegari da safe. Da la'asar ta kira ni daga shagon intanet, da wayar mai shagon.

"Yaya, tulunka ya ƙi buɗewa. Sau uku ke nan. Mai shago ya ce in na ci gaba za su kulle."

"Kin manta ne."

Ta jero su daidai, ba gargada. Na ce ta karanta mini abin da ta buga, harafi harafi.

Ta karanto: toulou tchiyawa koudjera chinkafa.

Hausa ta tashi da ita a baki, amma rubutu a makarantar Faransanci ta koye shi. Haka take rubuta wa innarmu saƙo, haka duk unguwar ke yi. Ni kaɗai na yi zaman ɗakin kaka, kuma ban taɓa tambayar kaina yadda sauran suke rubuta tulu ba.

Na ce ta goge, mu bi a hankali.

"Ciyawa da c kaɗai? Ai siyawa ke nan, Yaya."

"Buga dai."

"Kuma tulu ba o? Wa ya koya maka?"

"Mutanen Kano."

"Sai su zo su rubuta mini jarrabawar."

Na riƙa kiran haruffan da sunayensu na Faransanci, tana bugawa da yatsa ɗaya, mai shago yana tuna mata wayarsa ce. Kujera ta ɗauke mu lokaci, don ta rantse akwai d a ciki.

Can na ji injin buga takarda ya fara ƙara.

"Ya buɗe," in ji ta. "Amma ka sani, rubutunka ba daidai ba ne."